GANDAYEN DAJIN LARDIN BAUCHI: A TSARE SU TUN DA SAURAN ABIN TSAREWA

Duk mutumin Bauchi da ya daɗe yana zaune a Ikko ko Badun ko Anacha ya san cewa sunaye biyu ne abokan zama 'yan kudu sukan ambata da zarar sun ji daga inda ya fito. Na farko shi ne marigayi Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, na biyu kuwa shi ne Yankari. Shi na farkon yana kwance cikin hubbarensa a birnin Bauchi, babu abin da yake bukata wurin jama'a sai addu'a. Na biyun ne yake bukatar a tashi tsaye a kansa, domin yana nan da ransa, amma hannuwa sun yi masa yawa. Abin takaicin shi ne, cikin dubban 'yan Arewa da ke neman abinci a Agege da Idi-Araba da Shagamu da Sabon Badun, kaɗan ne suka taɓa taka ƙafarsu cikin wannan daji, kaɗan ne kuma suka san cewa ba shi kaɗai ne gandun namun dajin da tsohon Lardin Bauchi ya mallaka ba.

Ra'ayin da za a bayyana a nan shi ne, gandayen dajin nan sun fi ƙarfin a ɗauke su wuraren shaƙatawar Turawa da manyan ma'aikata. Ruwan shan talakawa yana rataye da su, zaman lafiyar ƙauyuka yana rataye da su, har ma da mutuncin ɗan Arewa da ke zaune a kurmi. Saboda haka maganarsu ta shafi mai sayar da albasa a kasuwar Mil 12 kamar yadda ta shafi manomin Duguri.

ABIN DA AKA GADA

Ya kamata a fara da ƙidayar dukiyar, domin wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa ba, ba zai san ranar da ɓera ya ƙarar da shi ba.

Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, watau kusan kashi biyu cikin uku na Jihar Ikko baki ɗayanta. Gwamnatin Jihar Arewa ta dā ce ta amince da keɓe shi a 1956, da goyon bayan Minista Alhaji Muhammadu Ngileruma, wanda ya ga irin wannan gandu a ƙasar Sudan ya dawo yana sha'awar a yi shi a gida. An fara riƙe shi a ƙarƙashin En'en Bauchi, aka buɗe wa masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun ƙasa, sa'an nan a 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka mayar wa Jihar Bauchi da abinta.

Kogin Gaji ne ya ratsa tsakiyarsa, shi ne kuma rayuwar wurin, domin da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, nan ne giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza suke haɗuwa shan ruwa, dorina da kada suna kwance cikin kududdufai. A can ne maɓulɓular Wikki take, wadda ruwanta yake fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, da ɗumi kimanin digiri 31 ko da sanyi ko da zafi, lita miliyan 21 kowace rana ta Allah. Akwai kogunan dutse 59 da mutanen dā suka sassaƙa suka zauna ciki, akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130, akwai kuma kufan matoyar tama a Ampara, inda kakanni suka narka ƙarfe tun Bature bai san hanyar ƙasar nan ba.

Can yamma, tsakanin ƙasar Toro da ƙasar Ningi, akwai gandun Lame-Burra, wanda aka keɓe a farkon shekarun 1970, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Idan aka haɗa shi da Yankari, sun fi Jihar Ikko girma. A Ƙaramar Hukumar Ganjuwa akwai gandun Sumu, inda aka zuba namun daji kusan 280 da gwamnatin Namibiya ta ba Jihar Bauchi kyauta a 2006, cikinsu har da raƙumin dawa da jakin dawa. A ƙasar Misau akwai tafkin Maladumba da dajin da ya kewaye shi, matattarar kifi da tsuntsaye. A ɓangaren Gombe, wanda ya zama jiha mai cin gashin kanta a 1996 amma a dā lardi ɗaya ne, akwai kurmin Kanawa da makiyayar Wawa-Zange. Bayan waɗannan akwai ƙananan gandayen daji masu yawa da En'e-En'e suka shata tun zamanin Turawa, waɗanda kowane dagaci ya san iyakarsu, kowane malamin daji yana zaga su a kan keke.

ABIN DA YA SALWANTA

To, wannan shi ne gadon. Sai a duba abin da magada suka yi da shi.

Kyarkeci da rabbi, waɗanda a dā suke yawo cikin Yankari, babu su yanzu. Raƙumin dawa na asalin ƙasar nan ya ƙare ƙaf a Nijeriya, har ta kai sai da aka ɗauko wani irin daga kudancin Afirka cikin jirgi aka kawo Sumu don yara su ga kamanninsa. Zaki, wanda sarakuna suke ara sunansa a yi musu kirari, ya rage a wurare biyu kacal a ƙasar nan, Yankari da gandun Kainji, kuma a kowannensu 'yan kaɗan ne. Giwayen Yankari sun haura 300 a farkon shekarun 2000, amma cikin shekara goma masu farautar haure suka rage su zuwa tsakanin 100 da 150. Duk da haka suna cikin manyan garkunan da suka rage a Nijeriya baki ɗaya, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna halin da sauran dazuzzukan suke ciki.

Lame-Burra kuwa an daɗe da barinsa ga Allah. Masu saran katako sun shiga, masu gawayi sun bi bayansu, manoma sun share gefe, makiyaya sun kafa ruga. Kirya da marke, waɗanda sukan yi shekaru da dama kafin su kai girman turmi, ana kayar da su cikin sa'a guda da injin yankan itace, a binne su a turara, a loda buhuna cikin tirela. Ƙananan gandayen En'e kuwa da yawansu sun zama gonakin masu hannu da shuni da fegi-fegin gidaje, sai dai sunansu cikin tsofaffin takardun ofis.

Ba mugunta kaɗai ta jawo haka ba. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 56 ba, yau sun haura miliyan 200. Ƙasa ba ta ƙaru ba ko da taki ɗaya. Hamada tana matsowa daga arewa, tana koro makiyaya zuwa inda ake da ruwa da ciyawa. Kananzir da iskar gas sun fi ƙarfin talaka, dole matarsa ta koma ga itace da gawayi. Duk wanda ya yi magana a kan gandun daji bai ambaci waɗannan ba, to, bai faɗi gaskiya duka ba.

KUSKUREN MA'AUNI

Babban kuskuren da gwamnatoci suka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, shi ne auna Yankari da ma'aunin otal. Idan aka ce za a gyara Yankari, abin da ake nufi shi ne a yi wa ɗakunan kwanan Wikki fenti, a sa na'urar sanyaya ɗaki, a gina zauren taro, a kira 'yan jarida a yanka kirtani. Kwangilar gini tana da daɗin bayarwa, tana kuma da daɗin nunawa. Amma takalmin ma'aikacin daji, da guzurinsa, da man motar sintiri, da albashinsa a kan kari, waɗannan babu mai ɗaukar hotonsu, saboda haka su ne ake mantawa.

Alhali kuwa baƙon da ya biya kuɗin jirgi daga Ikko ko Landan ba gado ya zo gani ba. Yana da gado a gidansa. Giwa ta kawo shi, kuma ranar da giwar ta ƙare, ɗakunan nan za su koma gidan jemage. A shekarar 2000 mutum sama da 20,000 suka ziyarci Yankari, daga ƙasashe fiye da 100. Abin da ya jawo su yana tafiya da ƙafa huɗu cikin dawa, kuma mai tsaronsa wani bawan Allah ne da tsohuwar bindiga, wanda yakan kwana bakwai a daji yana fuskantar mutanen da suka fi shi makamai. An kashe ma'aikatan Yankari da dama a bakin aikinsu. Iyalansu sun cancanci abin da ya fi ta'aziyyar baka.

Shaidar cewa tsaro yana aiki tana nan cikin Yankari ɗin kansa. A 2014 gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka da ake kira WCS, aka danƙa mata kula da sintiri. Ba wani sihiri aka yi ba. An horar da ma'aikata, an ba su guzuri da alawus ɗin kwanan daji, an ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya wadda take nuna inda garke yake ta hanyar tauraron ɗan Adam, an kuma riƙa gurfanar da waɗanda aka kama gaban alƙali. Daga 2015 aka shafe shekaru ba a sami gawar giwar da aka kashe don haurenta ba. Haka aka gani a maƙwabta. A gandun Zakuma na ƙasar Cadi giwaye sun faɗo daga wajen 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, da aka gyara tsaro kashe-kashen suka tsaya, garken ya soma haihuwa. A Kure, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa ba su kai 50 ba a 1996, amma da gwamnati da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai sai da suka haura 600. Nijar ba ta fi Nijeriya kuɗi ba. Niyya ce ta bambanta su.

DAJIN DA BA MAI GADI

Akwai masu cewa, ana fama da yunwa da rashin asibiti, wa yake ta giwa? Mutum ai ya fi dabba daraja. Haƙiƙa mutum ya fi dabba, babu musu. Amma masu wannan magana su waiwaya su dubi Sambisa. Gandun namun daji ne shi ma a dā, mai giwaye da jiminu da ɗakunan saukar baƙi. Da aka yi sakaci da shi, ma'aikata suka watse, hanyoyin sintiri suka toshe, sai 'yan Boko Haram suka same shi a buɗe, kuma duniya duka ta ji sunansa a 2014 bayan sace 'yan matan Chibok. A dubi Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, a dubi dajin Rugu a Katsina, a dubi Falgore a Kano. Duk gandaye ne da hukuma ta keɓe, duk kuma sun zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane a lokacin da idon hukuma ya kau daga kansu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Lardin Bauchi bai tsira ba. An sha jin labarin 'yan bindiga cikin dazuzzukan Burra da Lame, an kuma sha kai hari a ƙauyukan Alkaleri da ke maƙwabtaka da Yankari. Ma'aikacin dajin da yake zaga iyaka don kare gwanki, shi ne mutum na farko da zai ga sawun babura inda bai kamata a gan su ba. Ya san kowane kwari da kowace mashaya, abin da sojan da aka turo daga nesa ba zai sani ba cikin wata shida. Kuɗin da aka hana shi yau, ninkinsa ɗari za a kashe gobe wajen jiragen yaƙi da sansanin 'yan gudun hijira, ban da rayukan da ba sa dawowa. Wanda yake son mutum da gaske, ya fara da biyan mai gadin daji.

Ga kuma maganar ruwa. Itatuwan da ke kan tuddai su ne suke rage wa ruwan sama gudu, su ba shi damar nutsewa cikin ƙasa, ya fito a rijiyoyi da fadamu da rani. Idan aka aske su, ruwan yakan kwaranye rana ɗaya, ya tafi da ƙasar noma, ya cike koguna da yashi, ya ci gari da ambaliya, sa'an nan watanni bakwai a yi ta haƙar rijiya ba a tarar da komai ba. Duwatsun ƙasar Lame da Ningi suna ciyar da rafukan da ke gangarawa zuwa kogin Jama'are, wanda manoman rani na ƙasar Katagum suka dogara da shi. Albasa da tattasai da tumatirin da ake saukewa a kasuwannin kudu, wani kasonsu ruwan waɗannan dazuzzuka suka sha.

HAKKIN MAƘWABTA

Amma fa a yi adalci. Akwai mutanen da suke biyan kuɗin zaman giwa a Yankari, kuma ba su ne suke cin ribarta ba. Manomin da ya yi wata biyar yana wahala, garke ya shigo dare ɗaya ya tattake masa dawa da masara, ba za a zo masa da wa'azin kare namun daji ya saurara ba. Idan ya je ofis aka ce ya cika takarda ya dawo, ya dawo aka ce babu kuɗi, to, ranar da mafarauci ya zo tambayar inda giwaye suka kwana, shi ne zai nuna masa hanya, kuma da wuya a ga laifinsa.

Haka nan makiyayi. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi wuraren kiwo da burtali, aka shata sama da 400 a faɗin ƙasa, amma mafi yawansu ba a tabbatar da su a doka ba, da yawa kuma an nome su. Bafulatanin da ya tarar da burtali ya zama gona, mashaya ta zama lambu, ina ake so ya nufa da shanunsa in ba gandun daji ba? Shigarsa kuwa ɓarna ce babba: shanu suna cinye ciyawar namun daji, suna kai musu cuta, kuma idan zaki ya kama saniya akan sa wa mushen guba, zakin ya mutu, kura ta mutu, ungulu ta mutu. Kama shi da cin tararsa ba za su wadatar ba muddin Wawa-Zange da ire-irenta ba su da madatsun ruwa da asibitin dabbobi da makarantar yara.

Wasu ƙasashen sun gano bakin zaren. A Ruwanda kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayen ƙasa suka samu daga baƙi yana komawa ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina musu aji da ɗakin shan magani. Namibiya, wadda ta ba Bauchi kyautar dabbobi, ta yi doka a 1996 da ta ba mutanen karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin amfaninsu. An karɓo dabbobinta, an baro dabararta, alhali dabarar ta fi dabbobin amfani. Ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Bauchi ta yanka wa ƙauyukan gefen Yankari da Sumu da Lame-Burra kaso sananne daga kuɗin shiga, a rubuce cikin doka, a kuma kafa asusun biyan diyyar gonaki wanda hakimi da dagaci da wakilan manoma za su sa ido a kansa. A ɗauki 'ya'yan maharba aikin gadi, a ba Sarkin Baka matsayi a cikin shawara, domin babu wanda ya san sirrin dawa kamarsa.

INA RUWAN MAZAUNA KUDU?

Mai karatu da ke zaune a Fatakwal ko Abekuta zai iya cewa, to, duk an ji, amma wannan aikin gwamna ne da sarakuna. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Mafarauci ba ya kashe giwa don ya ci haure. Yana kashe ta ne don akwai mai saye, kuma hanyar mai sayen ta kudu take bi. An daɗe ana lissafa Ikko cikin manyan kasuwannin hauren giwa na Afirka, ko da yake an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma Nijeriya tana da tata dokar kare dabbobi masu ƙarewa tun 1985. A watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙone ɓawon ɗankunya kusan tan 4 da aka ƙwace, a watan Janairu na 2024 kuma ta niƙe hauren giwa tan 2 da rabi a Abuja. Itacen madobiya da aka yi ta sarewa a dazuzzukan Arewa ana kai wa ƙasar Sin, ta tashar jiragen ruwan Ikko ya riƙa fita, har sai da aka dakatar da Nijeriya daga cinikinsa a 2018. Gawayi ma haka.

Tsakanin dawa da tashar jirgin ruwa akwai dillali, akwai direba, akwai mai masauki, akwai mai kasa kayan magani a bakin kasuwa da kan ungulu da fatar damisa da kitsen zaki. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa cikinsu 'yan gida ne, ana salla sahu ɗaya da su. Ungulu, wadda a dā take cika kowace mahauta tana share ƙazanta kyauta, yau yaro yakan girma a birnin Arewa bai gan ta ba, kuma cinikin sassan jikinta yana cikin abin da ya ƙarar da ita. Wanda ya ɗauko irin wannan kaya cikin lodin shanu ko albasa don 'yan kuɗin da za a ƙara masa, ya sani rumbun gidansu yake ɗebe wa jinka.

Abu na biyu ya fi wannan zafi. Idan daji ya lalace a Arewa, mutanensa ba sa ɓacewa, kudu suke gangarowa: makiyayi da shanunsa, maharbi da karnukansa, mai gawayi da gatarinsa, ɓata-gari kuma ya saje cikinsu. A watan Janairu na 2021 Gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya ba makiyaya kwana bakwai su fice daga gandayen dajin jiharsa saboda yawan satar mutane. Wata guda bayan haka rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Badun, wanda ya faro daga 'yar hatsaniya amma ya tarar da zukata a tunzure, aka rasa rayuka da dukiya. A watan Maris na 2025 aka tare maharba 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa gida yin Salla, aka ɗauke su masu satar mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Babu abin da zai halatta wannan ta'asa, kuma wajibi ne hukuma ta hukunta masu hannu a ciki. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma duk lokacin da aka ce daji ya zama abin tsoro, mai shayi da mai gadi da mai gyaran takalmi, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su ne suke kwana da fargaba.

ABIN YI

Ƙungiyoyin 'yan asalin Bauchi da Gombe da ke kudu suna da murya, kuma 'yan siyasa sun san hanyar zaurensu idan zaɓe ya ƙarato. Idan ɗan takara ya zo neman goyon baya, bayan maganar hanya da asibiti a tambaye shi ma'aikatan daji nawa zai ɗauka, nawa zai ware wa sintiri, yaushe za a sake shata iyakar Lame-Burra a kafa duwatsu, wa kuma ya ba da izinin nome gandun En'e na garinsu. A nemi a riƙa buga kuɗin da Yankari ya samu da wanda aka kashe masa kowace shekara, kowa ya gani. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa guda 10, ciki har da Falgore da fadamar Haɗeja da Kogo ta Katsina. Canjin suna a takarda ba ya korar ɓarawo, ko a hannun Tarayya ko a hannun jiha, sai an sa mutane da kuɗi.

Sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin direbobi da na 'yan kasuwar shanu suna iya yanke shawara cewa ba a loda haure ko fatar namun daji ko gawayin da ba shi da takardar izini a tasharsu, wanda ya yi kuma babu mai zuwa belinsa. Limamai su tunatar da jama'a cewa Musulunci ya san hurumi tun farkonsa, domin an keɓe makiyaya a kusa da Madina tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an kuma hana ɓarna a bayan ƙasa. Maharban da ke zuwa farauta kudu su yi rajista da hukuma da sarakunan wurin, su riƙe takardar shaida, su nisanci gandayen da aka hana shiga, don kare rayukansu da na 'yan'uwansu.

Sa'an nan a je a gani, domin gani ya kori ji. Masu hali da ke zuwa gida hutun Salla su ware kwana biyu su kai iyali Yankari, tafiyar kimanin kilomita 110 ce daga birnin Bauchi. Daga Janairu zuwa Afrilu ne aka fi ganin namun daji, lokacin da ciyawa ta kwanta suka taru a bakin Gaji. Yaran da aka haifa a Mushin ko Ajegunle, waɗanda ba su san giwa ba sai a talabijin, su tsaya su gan ta da idonsu a ƙasar kakanninsu. Kuɗin ƙofar da aka biya yana ƙara wa gandun daraja a idon masu mulki. Wanda bai sami zuwa gida ba, to, ya leƙa gandun Lekki a nan Ikko, wanda aka kafa a 1990, ya ga yadda aka tsare eka kaɗan na kurmi a tsakiyar unguwar da fili ya fi zinariya tsada, ya tambayi kansa abin da ya hana a yi wa daji mai faɗin lardi irin wannan riƙo.

Kusan kowane ɗan ci-rani burinsa shi ne wata rana ya tattara ya koma gida, ya gina ɗaki, ya yi noma da kiwo, ya ƙarasa kwanakinsa cikin danginsa. Wanda zai koma nan da shekara ashirin, rijiyar da zai sha da gonar da zai noma da hanyar da zai bi ba tare da fargaba ba, duk ana yanke hukuncinsu yanzu, cikin waɗannan dazuzzuka. Mutanen 1956 ba su da ilmin boko mai yawa, ba su da kuɗin man fetur, amma sun yi tunanin jikokinsu suka keɓe Yankari. Kirya ba ta girma cikin shekarar zaɓe ɗaya, giwa kuma sai ta yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda. Abin da aka bari ya ƙare, babu kwangilar da za ta dawo da shi.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya kuma tsare matafiya har su koma gida lafiya.